Taliya da Takunkumi: Tarihin Fataucin da Rufe Iyaka Bai Kashe Ba

 A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa cikin tukunya ne, don kuwa magana za mu yi a kan taliya, wadda yau babu kantin da za ka shiga, tun daga nan unguwa har Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, ka rasa ta a jibge katan-katan. Wani zai ce, don Allah me ke cikin taliya da har za a ɓata mata takarda? To, a yi haƙuri a biyo mu.

Da yawa daga cikinmu fatauci ne ya kawo iyayenmu da kakanninmu garin Yakubu, waɗansu daga Kano, waɗansu daga Katsina da Daura, waɗansu ma daga Damagaram da Maraɗi, kuma har gobe akwai masu dangi da abokan ciniki a can. Saboda haka duk ranar da aka ce an rufe iyakar Nijar, mu a wurinmu magana ce ta jari da zumunci. Taliya kuwa tana cikin kayan da suka fi fallasa abin da rufe iyaka ke yi wa kasuwa. Wanda ya bi sawunta zai ga ta fara zuwa mana daga arewa ta hamada, ta koma shigowa ta teku, ta zagayo ta Kwatano da Maraɗi a ɓoye, daga baya kuma ta juya ta riƙa tashi daga wajenmu zuwa Nijar. A duk juyin nan ba a taɓa samun dokar da ta hana ta isa tukunya ba. Iyakar abin da doka ke yi shi ne ta sauya mata hanya, ta ƙara mata kuɗi, ta kuma sauya wanda zai ci riba.

ASALINTA DAGA HAMADA

Abincinmu na gado dai gero ne da dawa. Alkama baƙuwa ce, sunanta ma ya nuna, don daga Larabci aka aro shi, kamar yadda aka aro gurasa da alkaki. Larabawan Gadamas da na Turabulus da suka zauna Kano, musamman a unguwar nan da ake kira Dandalin Turawa, su ne suka fi kowa riƙo da abincin alkama. Kada mai karatu ya yi mamakin sunan unguwar, ai kafin zuwan Nasara Larabawa ake kira Turawa. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana noman alkama kaɗan-kaɗan a ƙasashen nan, ya kuma danganta zuwanta da Larabawa. Dalilin ƙarancinta shi ne alkama sanyi take so, saboda haka sai da hunturu ake shuka ta a fadama, ana ba ta ruwa da jigo.

Ita kanta kalmar taliya masana sun kasu biyu a kanta. Waɗansu na cewa daga sunan ƙasar Italiya ta fito, waɗansu kuma na mayar da ita ga wata tsohuwar kalmar Larabci, itriya, mai nufin busasshen zaren ƙullun alkama. Ko wanne aka ɗauka, hanyar dai ɗaya ce, watau hamada. Kuma wannan hanya ba ta tsaya Kano ba. Wani Bajamushen, Gerhard Rohlfs, ya taso daga Turabulus, ya biyo ta Kukawa, ya sauka a nan Bauchi a farkon 1867.

A wancan zamani taliya aikin hannu ce. A kwaɓa garin alkama, a murza shi siri-siri, a shanya har ya bushe. Abincin gidan sarauta ne da na attajirai, sai fa ranar salla ko in za a kai gara. Amma tun a lokacin an gane sirrinta: in ta bushe ba ta tsoron tafiya, ba ta tsoron zafi, ba ta kuma cin itace wajen dahuwa. A riƙe wannan, don shi ne ya sa take haye kowane shinge har yau.

TA KOMA SHIGOWA TA TEKU

Shekarar 1911 ita ce ta karya hanyar hamada. A cikinta layin dogo ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta afka wa Turabulus da yaƙi. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗauke da su, sai jirgin ruwa da na ƙasa suka riƙa kawo su cikin makonni. Fulawa ta fara shigowa a buhuna, burodi ya biyo bayanta. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, a 1962 injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar da ake saukewa daga jiragen ruwa, akasarinta daga Amurka. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, cikin shekarun 1970 kuma aka buɗe injin fulawa a Bompai ta Kano.

Da kuɗin man fetur suka shigo, fulawa ta yi araha, ɗan injin nan na hannu na murza taliya ya shiga gidaje. Abincin da a da sai wane da wane ya zama sana'ar iyayenmu mata a cikin gida: taliya 'yar murji da mai da yaji, yara na talla. Zuwa farkon shekarun 1980 Nijeriya na sayo alkama fiye da tan miliyan 1 kowace shekara. An gina manyan ayyukan ban ruwa a Tiga da Kadawa, da Bakolori, da bakin Tafkin Chadi, da burin a noma alkamar a gida, amma abin da suka bayar bai taka kara ya karya ba. Waɗansu masana biyu 'yan Suwidin da suka zauna Zariya, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, sun wallafa littafi a 1985 inda suka kira halin da muka shiga tarkon alkama. Ma'ana, bakinmu ya saba da abin da gonarmu ba ta bayarwa.

EL-BUHARI DA HARAMCIN 1987

Karon farko da mutanen zamaninmu suka ɗanɗana rufe iyaka sosai shi ne Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi. Ba a buɗe ba sai Maris ɗin 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Rufewar ta zo daidai da farin 1984, ga kuma Nijar ta saba cike giɓin abincinta daga kasuwanninmu. Wahalar da aka sha ta kai har mutanen Maraɗi da Damagaram suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Wanda duk ke da dattijo a can ya tambaye shi.

Ba a jima ba sai ga wata dokar. Daga Janairun 1987 gwamnatin Babangida ta haramta shigowa da alkama gaba ɗaya, don a tsimi kuɗin waje a kuma tilasta noma ta a gida. Injinan fulawa suka tsaya cik, burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau. Manoma kuwa suka sami kasuwa. A fadamun Haɗeja da Jama'are, har da ƙasar Katagum ta jiharmu, aka bazu da haƙa rijiyoyin burtsatse da sayen injinan ban ruwa, alkama ta zama abin yayi.

To amma abin da aka noma bai kusa isa ba, nan fa hanya ta uku ta buɗe. Nijar ba ta da teku, don haka tana da izinin sauke kaya a tashar Kwatano ta Jumhuriyar Binin. Sai a sauke fulawa da taliya da sunan Nijar za su, a ɗauko su zuwa Faraku, a haye gada daga Malanbil zuwa Gaya, a kai Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Daga nan kuwa Illela da Jibiya ba nisa. Alhazan Maraɗi sun ƙware a irin wannan ciniki tun zamanin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da atamfa da taba sigari suka fara. Fulawar da aka hana shigowa ta ƙofar Ikko sai ga ta tana shigowa ta tagar arewa, mai burodi da mai taliya suna biyan kuɗin zagayen. A ƙarshen 1992 gwamnati ta janye haramcin. Alkamar waje ta dawo da araha, manomin da ya ci bashin inji ya zauna da tasa yana kallo.

SHEKARUN 1990: TAKUNKUMI IRI BIYU

Kafin mu ci gaba, bari mu tsaya a kan kalmar. Takunkumi a asali shi ne abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta ci ko ta yi cizo. Wanda ya fara amfani da ita ga matakin da ƙasashe ke ɗauka a kan wata ƙasa ya iya Hausa, don kuwa baki abin yake kamawa. Tambayar kullum ita ce, bakin wa?

A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa Libiya takunkumi saboda jirgin saman da aka tarwatsa a Lokabi a 1988. Aka hana jiragen sama shiga da fita da sayar mata da makamai, ba a sassauta ba sai 1999. Ba a hana abinci ba, kuma gwamnatin Gaddafi na sayar wa mutanenta taliya da man girki da tumatirin gwangwani a kan rangwame. Sai tsohuwar hanyar hamada ta farfaɗo, wannan karon da manyan motoci: raƙuma da tumaki su tafi Sabha, taliyar rangwame ta gangaro ta Dirku zuwa Agadas. Ka ji ikon Allah, ƙasar da aka sa wa takunkumi ita ke ciyar da maƙwabta.

Mu ma an sa mana namu. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa a Nuwamban 1995, an dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, Turai ta hana manyan sojoji biza ta kuma hana sayar da makamai. Amma jiragen alkama ba su fasa sauka a Apapa ba. A daidai wannan tsakani ma aka buɗe masana'antar Indomie a Ota ta Jihar Ogun. Waɗannan biyu takunkumi ne da aka auna masu mulki da su, aka bar tukunya. A riƙe wannan ma, za mu dawo kansa.

TALIYA TA JUYA AREWA

A zamanin mulkin farar hula na Cif Olusegun Obasanjo aka sa taliyar waje cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Wannan karon ba a hana alkama ba, taliyar da aka riga aka sarrafa aka hana. Sai kamfanoni suka zuba jari: Flour Mills mai Golden Penny, da Ɗangote, da Honeywell, daga baya BUA. Taliyar leda ta cika ƙasa, Kasuwar Singa ta Kano ta zama babbar matattararta a Arewa, daga can 'yan kasuwarmu ke saro ta zuwa Bauchi, daga can kuma ake lodinta zuwa Maigatari da Kongolam da Jibiya, ta haye Magarya da Matamai da Maraɗi.

Amma kada a ɗauka hanyar ta zama ta tafiya kawai ba dawowa. Nijar na sayo taliya mai yawa daga Turkiyya, wadda in ka cire Italiya babu ƙasar da ta kai ta fitar da taliya, kuma wani kaso na wannan yana sulalowa wajenmu. Alƙalin da ke yanke inda kaya za su nufa shi ne canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, naira kuwa tana hawa tana sauka. In naira ta yi ƙarfi, kayan Nijar su yi mana araha su gangaro. In ta faɗi, namu su yi musu araha su haura. Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, lissafin kowa ya birkice.

A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta farar hula ta sake rufe iyakoki, musamman saboda shinkafa, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. A cikin waɗannan watanni ne sana'ar 'yan fito ta bunƙasa, matasa suka san kowace ɓarauniyar hanya, suka san kuɗin kowane shinge. Watau ko da takunkumin 2023 ya zo, ya tarar da hanyoyinsa a share.

TAKUNKUMIN 2023

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Muhammadu Bazum, Janar Abdurrahman Tiani ya hau. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da ciniki da hulɗar banki, suka ƙwace damar taɓa kuɗin Nijar da ke bankunan yankin. Bayan 'yan kwanaki Nijeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar a lokacin daga wajenmu take zuwa. Binin ta rufe gadar Malanbil, tireloli suka yi layi a can da Illela da Jibiya, albasa da tumatir suna ruɓewa a kan mota. Bambancin wannan da na Libiya da namu na 1995 shi ne ba a ware abinci da magani ba. Hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da kansu sun yi ta kuka cewa kayansu sun maƙale a iyaka.

Ita kuwa alkama ta riga ta shiga wani hali tun kafin nan. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, da takunkumin da ƙasashen Yamma suka sa wa Rasha, sun ɗaga farashinta a duniya, don ƙasashen biyu suna cikin manyan masu sayar da ita. Kwana tara kacal kafin juyin mulkin Yamai, ranar 17 ga Yuli, Rasha ta fice daga yarjejeniyar da ke barin hatsin Yukren ya fita ta tekun Bahar Aswad.

Me ya sa taliya ta zama kayan da ake nema a irin wannan hali? Ai dalilin nan ne na kakanninmu. Inda babu wuta babu firji, abin da ba ya lalacewa shi ne sarki. Katan ɗaya leda 20 ne, kowace rabin kilo, watau kilo 10, babur ɗaya na iya ɗaukar katan da yawa, ba kamar buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Tana iya shekara a ajiye, tana dahuwa cikin minti goma, ga shinkafar da ta saba biyowa ta Kwatano ta yi tsada. Daɗin daɗawa canji ya goyi bayanta. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, jakar sefa ta ninka kuɗinta a naira. Ga mai sefa a hannu, kayan Kano sun zama kamar kyauta.

Hanyoyi huɗu kaya suka bi. Ta farko ita ce ta hukuma: daga tashar Lome ta Togo, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera da Yamai, cikin ayari da rakiyar soja saboda 'yan bindiga, tafiya mai tsawo da tsada. Ta biyu ita ce kwale-kwale a kan kogin Kwara tsakanin Malanbil da Gaya. Ta uku ta hamada, daga Tamanrasat ta Aljeriya zuwa Asamaka da Arlit da Agadas, ko da yake tun Maris ɗin 2022 Aljeriya ta haramta fitar da taliya da sukari da man girki, don haka ita ma a ɓoye ce. Ta huɗu ita ce tamu. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, ta shafi jihohi bakwai, Kabi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno, akasarinta fili ne fetal, gona na haɗe da gona. Sai mota ta sauke kaya a garin da ke kusa, 'yan fito su kwashe a babura da amalanke cikin dare, wata motar ta tarbe su a can. Tun da banki a rufe yake, kuɗi ta hannun 'yan canji suke bi, sauran kuma amana.

WA YA CI, WA YA SHA WUYA?

Kowane mataki a wannan tafiya yana da kuɗinsa: mai mota, ɗan fito, mai shinge, ɗan canji. Duk a kan katan ake ɗora su, kuma magidancin Damagaram ko na Yamai shi ke biya a ƙarshe. Babban ɗan kasuwa mai sito da dogon hannu ya samu. Ƙaramin da ya haɗa jarinsa da na 'yan'uwa, in aka kama kayan ko 'yan bindiga suka tare su, ba shi da kotun da zai kai ƙara, don tun farko doka ba ta san da tafiyar ba.

Kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta yi sanyi, dabino da wake da dabbobin da muka saba samu daga Nijar suka yi wuya, direbobi da 'yan dako suka zauna. A gida kuma taliya ta hau, don alkamarta da dala ake sayo ta, ga cire tallafin man fetur na Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota. Abin ya kai a farkon Maris ɗin 2024 jama'a suka far wa wata tirela a Dogarawa ta Zariya suka wawashe katan-katan na taliya. Ba mu ce sun kyauta ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Manyan Arewa ba su yi shiru ba. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Janar Tiani, tawagar malamai ta bi baya, sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da yaƙi, Janar Yakubu Gowon ya roƙi a ɗage matakan. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, ranar 13 ga Maris Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga wata. To me aka samu? Sojojin ba su sauka ba, ba su kuma saki Bazum saboda takunkumin ba. Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Binin bayan an ɗage shi, a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsinta sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Janairun 2025 kuma ta kammala ficewa daga ECOWAS.

ABIN DA YA RAGE MANA

'Yan'uwa, daga 1984 zuwa 2024 shekara 40 ke nan, an rufe wannan iyaka sau uku, an haramta alkama sau ɗaya, an haramta taliyar waje. Ba a taɓa hana ta tafiya ba, kuma a kowane karo talakan ɓangarorin biyu ne ya biya kuɗin zagayen. Shugabanni su sani, duk takunkumin da bai ware abinci ba, a bakin talaka aka ɗaura shi.

Ga 'yan kasuwarmu kuwa, musamman matasa masu tasowa, tarihin nan yana da nasiha. Ribar lokacin rufe iyaka riba ce ta ɗan lokaci. Ranar da aka buɗe, farashi kan faɗo a kan wanda ya cika sito da tsada, kamar yadda ya faɗo a kan manoman alkama a 1992. Kada a zuba kuɗin marayu ko na adashi ko jarin amana a hanyar da in kaya suka salwanta ba mai bin kadinsu. Wanda zai yi cinikin ƙetare ya yi shi da takardunsa ta ƙofa, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kuma kafin ka saro, dubi canji, don shi ke gaya maka ko kaya haurawa za su yi ko gangarowa.

Babban abin dai shi ne tarkon nan na alkama, wanda har yanzu ƙafarmu na ciki. Nijeriya na sayo tan miliyan 4 zuwa 6 a shekara, alhali binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya nuna abin da aka noma a gida bai wuce tan 37,000 ba. Ashe taliyar da muke alfahari muna kai wa Nijar, niƙa da leda ne kawai namu. In wata rana aka tare jiragen da ke sauka Apapa kamar yadda aka tare gadar Malanbil, mu ne za mu koma neman 'yan fito. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nuwamban 2023 Gwamnatin Tarayya ta sake ƙaddamar da noman alkama na rani a ƙasar Haɗeja, kuma jiharmu na da fadamun da suka taɓa yin wannan noma. Masu hali a cikinmu su leƙa can. Iyayenmu mata masu 'yar murji kuma a riƙa saye a wurinsu, don su ne suka riƙe sana'ar da ta girmi kamfanonin nan duka.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa a ci gaba da ziyara da gaisuwa, zumunta a ƙafa take. A watannin da banki ya rufe, amanar da ke tsakanin gidaje ita ce ta riƙe ciniki. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwa da gona, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.